Zan taso da iyali daga Sakkwato zuwa Zariya: wace unguwa ce ta dace da mai aiki a Shika?

Basakkwace ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa mazauna Zariya, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Allah ya nufe ni da samun aiki a ɗakin gwaje-gwaje na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma ana sa ran in kama aiki nan da wata biyu. Ni haifaffen Sakkwato ne, a can na yi karatu, a can na yi aure, kuma sanin da na yi wa Zariya bai wuce na matafiyi ba, wanda mota ke ratsawa da shi ta Samaru da Kwangila a kan hanyarsa ta zuwa Kaduna.

Ba ni kaɗai zan taso ba. Ina da mata da 'ya'ya uku, babbansu zai shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, sauran biyun kuma suna firamare. Akwai kuma mahaifiyata, wadda take zaune tare da mu tun bayan rasuwar mahaifinmu, tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma ba zan iya barinta a baya ba. Ba ni da mota, babur ne abin hawana, kuma an shaida mini cewa aikin yana da kwanan asibiti da kiran gaggawa cikin dare.

Wani abokina ya ce in nemi gida a Samaru, wani kuma ya ce Samaru garin ɗalibai ne, bai dace da mai iyali ba, gara Tudun Wada ko cikin birni. Na kasa tantance wanne ne ya fi gaskiya. Ina so in san unguwar da ta fi dacewa da irin halin da nake ciki, da yadda ruwa da wuta suke a can, da batun makarantar yara ta boko da ta Islamiyya. Ina kuma so in ji ko ya fi kyau in taho da iyalin gaba ɗaya, ko in fara zuwa ni kaɗai tukuna. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Ma'aikaci, daga Samaru, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya sa ka shiga a sa'a. Abokanka biyu kowannensu ya faɗi wani ɓangare na gaskiya, amma kafin ka auna maganarsu akwai buƙatar ka san yadda garin yake a shimfiɗe, domin abin da baƙo yake kira Zariya garuruwa ne da dama da suka jeru a kan hanya guda, kuma tsakanin farkonsu da ƙarshensu tafiya ce ta gaske.

Idan ka fito daga Funtuwa, bayan Giwa za ka fara isa Shika, inda asibitin yake tun da ya taso daga Tudun Wada a shekarar 2005. Shika ma ba a ƙaramar hukumar Zariya take ba, a ta Giwa take. Daga nan sai Samaru, mazaunin jami'ar da aka buɗe a 1962, sai Zango, sai Palladan inda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama take, sai Hanwa, sai Kwangila inda hanyar Sakkwato ta haɗu da babbar hanyar Kaduna zuwa Kano. Ka wuce nan ne za ka shiga yankin PZ da Sabon Gari, wanda ya bunƙasa da zuwan jirgin ƙasa, kuma har yau nan ne cibiyar kasuwanci da bankuna. Duk waɗannan, daga Samaru zuwa nan, ƙaramar hukumar Sabon Gari ce. Sai ka haye kogin Kubanni sannan ka shiga Tudun Wada da Kongo da Gyallesu, daga nan kuma ka isa Ƙofar Doka, wadda ita ce mashigar birni ga mai zuwa daga wannan ɓangare. Daga Samaru zuwa birni kusan kilomita 15 ne, Shika kuma tana gaba da Samaru.

To, ka ɗora wannan a kan aikinka. Mutumin da za a iya kira ƙarfe biyu na dare, ga shi a kan babur, ga ruwan Agusta ko hazon Janairu, bai kamata ya sa Kwangila tsakaninsa da wurin aikinsa ba. Wurin yana cika da manyan motoci da masu lodi, kuma hanyar Samaru kanta tana ɗaukar tireloli da tankoki masu zuwa Funtuwa da Gusau dare da rana. Kowane kilomita da ka rage a kan wannan hanya ka rage wa kanka haɗari ne, ban da kuɗin mai. Saboda haka shawarata ita ce ka taƙaita nemanka tsakanin Shika da Hanwa.

A cikin wannan tsakanin ma akwai bambanci. Milgoma da garin Shika su ne mafi kusa da asibiti, haya ta fi sauƙi, amma makarantu da kasuwa ba su kai na Samaru ba. A Samaru, layukan da ke fuskantar ƙofofin jami'a su ne abokinka yake nufi da garin ɗalibai: gidajen an yanka su ɗaki-ɗaki, masu gida sun fi son ɗalibi domin ya fi kawo kuɗi, kuma hayaniya ba ta mutuwa da wuri. Sai dai Samaru ba ta ƙare a nan ba. Idan ka shiga ciki, wajen Hayin Dogo da Ɗanraka da hanyar Basawa, za ka tarar da magidanta, ma'aikatan jami'a da na cibiyoyin bincike, waɗanda suka haifi 'ya'ya suka aurar a nan. Zango da Palladan da Hanwa kuwa sun fi yawan gidajen da aka gina domin iyali guda, masu katanga da tsakar gida, kuma su ne zan fara duba wa mai ɗauke da tsohuwa.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ka fara zuwa kai kaɗai. Ka sami masauki na ɗan lokaci wurin abokin aiki, ka yi wata ɗaya ko biyu kana zagayawa bayan an tashi aiki. Kada ka tura wa kowa kuɗi a kan hoton gida da aka aiko maka ta WhatsApp. Dillalai nagari suna nan, amma ka nemi a haɗa ka da mai gidan kansa ko wakilinsa da maƙwabta suka sani, a rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, a fayyace wanda zai ɗauki gyaran rufi da yashe shadda. La'adar dillali ta kan kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara, don haka ka sa ta a lissafi tun farko. Ka tambayi batun mita: in mai kati ce, ka duba ko akwai bashi a kanta, in kuma babu mita, ka ga takardar biyan kuɗin wuta ta ƙarshe da idonka, domin bashin wanda ya tashi yakan zauna a wuyan wanda ya shigo. Ka kuma lura da kalandar jami'a, domin makonnin da ɗalibai ke dawowa gidaje suna wuya a duk yankin, dillalai kuma ba sa sauraron ragi.

Maman 'Yan Biyu, daga Hanwa, ta amsa:

Malam, barka da arziki, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Baba ya yi bayanin hanya yadda ya kamata. Ni zan yi magana a kan abin da matarka za ta tashi da shi kullum bayan ka fita aiki, wato ruwa, domin a garin nan shi ne yake raba gida mai daɗin zama da wanda ake ƙirga kwanakin tashi daga cikinsa.

Ruwan famfo yana zuwa wasu unguwanni, wasu kuma ba su dogara da shi ba, don haka yawancin gidaje rijiya ce ko burtsatse. Ƙasar Zariya tana da dutse a ƙarƙashi, shi ya sa za ka ga gida biyu a layi ɗaya, rijiyar wannan ba ta ƙafewa, ta wancan kuwa tana komawa laka tun watan Maris. Idan aka kai ka ganin gida da damina, kowace rijiya cike take, ba za ta gaya maka komai ba. Abin da za ka yi shi ne ka koma layin da sassafe ba tare da dillali ba, ka tsaya ka duba. Idan ka ga 'yan ga-ruwa suna ta shiga da kura cike da jarkoki, suna tsayawa ƙofa-ƙofa, ka san kuɗin ruwa zai zama maka haya ta biyu. Ka tambayi mai shago ko mai shayin layin yadda suke yi a watan Afrilu, su ba su da abin da za su ɓoye maka. In gidan yana da burtsatse, ka tambayi wanda yake biyan kuɗin turo ruwa zuwa tanki idan babu wuta, da yadda ake raba kuɗin gyaran injin tsakanin 'yan haya.

Abu na biyu shi ne danshi. Ruwan saman nan ya fi na Sakkwato yawa nesa ba kusa ba, yana kai wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma a Agusta ana iya wuni ana yi. Ka durƙusa ka dubi gindin bango daga ciki da waje. Idan fenti ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, ko ka ga wani layi mai duhu ya zagaye katanga, ruwa yana kwanciya a wurin. Ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo. Gidajen da ke gangaren Kubanni da bakin rafuka sukan zo da araha, kuma arahar tana da dalili. Ga mai ciwon gwiwa, ɗaki mai sanyin ƙasa wahala ce, haka ma gidan bene, don haka ka nema wa Hajiya ɗakin da rana take shiga, banɗaki kuma a kusa.

Ku zo da barguna da rigunan sanyin yara. Zariya tana kan tudu, kuma sanyin Disamba da Janairu yana shiga jiki sosai da asuba. Zafin bazara kuwa, wanda ya saba da na Sakkwato zai same shi da sauƙi. Gidan sauro dole ne da damina.

Batun makaranta ba zai ba ka wahala ba, garin ilimi ka zo. Jami'a tana da makarantar firamare da sakandarenta, kuma ya kamata ka tambaya a wurin aikinka yadda ake shigar da 'ya'yan ma'aikata. Makarantun kuɗi suna da yawa daga Samaru zuwa Hanwa, Islamiyyu kuma kusan kowane layi akwai, na yamma da na Asabar da Lahadi. Abin da zan roƙe ka shi ne ka zaɓi makarantar da yara ba za su riƙa tsallaka babban titi ba, ko da wata ta fi ta suna. Ka karɓo takardar canjin makaranta da sakamakon zangon ƙarshe na kowane yaro kafin ku taso, kuma in da hali ka daidaita tasowar da hutun ƙarshen shekara, domin babban ya fara aji ɗaya tare da 'yan ajinsa.

Cefane yana da sauƙi idan an san inda za a je. Kasuwar Samaru ta isa buƙatar yau da kullum, sayayya mai yawa kuma sai Sabon Gari. Masara da kayan miya daga ƙauyukan kewaye suke shigowa, kuma da kaka magidanta da yawa sukan je kasuwar Giwa su sayi buhunan hatsi na shekara, ita kuwa tana ɓangarenku. Kada ka manta da katin asibitin Hajiya da sunayen magungunan da take sha, a rubuto su daga wurin likitanta, domin wanda zai karɓe ta a nan ya ɗora daga inda aka tsaya.

Bazazzagi, daga Ƙofar Doka, ya amsa:

Malam Basakkwace, maraba da kai ƙasar Zazzau. Ban musa lissafin da Baba ya yi na nisa ba, kuma ba zan ce wa mai kwanan asibiti ya zauna a Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana ba. Amma akwai wani abu a cikin tambayarka da nake ganin an wuce shi da sauri, shi ne zaman mahaifiyarka. Kai za ka wuni a wurin aiki, yara za su wuni a makaranta, ita kuwa an ɗauke ta daga cikin dangi da ƙawayen da ta shekara da shekaru tana gaisawa da su. Idan ka ajiye ta a sabuwar unguwa, inda kowa ya ja katanga ya rufe ƙofar ƙarfe, kuma ba a san sunan maƙwabci ba, za ta sami ruwa da wuta amma kewa za ta dame ta, kuma tsofaffi ba su cika faɗin irin wannan damuwa ba sai dai a ga suna ramewa.

Abin da abokinka ya hango a Tudun Wada da birni ke nan. A can har yanzu ana shiga gida a yi barka, a yi gaisuwar rasuwa, a aiko wa baƙo da tuwo ranar da ya tare. Zaurukan karatu suna nan da ransu, kuma unguwanni irin su Kona da Juma sun daɗe da suna wajen malanta, ɗalibai suna zuwa daga nesa domin fiƙihu da nahawu. Mutumin Sakkwato ba zai ji baƙunci a irin wannan wuri ba. Saboda haka, ko da ka zauna a ɓangaren Samaru kamar yadda aka ba ka shawara, ka nemi layin da yake da tsofaffin mazauna, da masallacin da ake cika sahu a salloli biyar, da makarantar matan aure da Hajiya da maiɗakinka za su riƙa zuwa. Irin waɗannan layuka suna nan a Hayin Dogo da cikin garin Shika da tsohuwar Hanwa, kuma a ganina sun fi sabon gini mai tayil da ke can bayan gari shi kaɗai.

Idan ka tare, kada ka wuce mako ba ka je ka gai da mai unguwa da limamin layin ba, ka gabatar da kanka, ka faɗi inda ka fito da inda kake aiki. Ba doka ce ta tilasta ba, amma ranar da ka buƙaci shaida, ko saɓani ya taso tsakaninka da mai gida, ko aka ga baƙuwar fuska a ƙofarka ba ka nan, a ranar za ka ga amfaninta. Ka kuma sani cewa yankin Samaru da Sabon Gari ya tara kowace ƙabila da mabiya addinai biyu, maƙwabcinka zai iya kasancewa Bayarabe ko mutumin kudancin Kaduna, kuma an saba zaman mutunci da juna a haka.

Ina kuma roƙonka kada zamanka ya ƙare tsakanin Shika da Kwangila, kamar yadda wasu ma'aikata suke yi har su bar garin ba su taɓa shiga birni ba. Ka kawo yara su ga fadar Sarki da Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830, su ga ragowar ganuwa da dutsen Kufena. Babban ɗanka ya ga Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 kafin ta zauna a Zariya a 1949, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu tun tana Katsina. Da Sallah kuma ku shigo kallon hawa, musamman Hawan Daushe, amma ku fito da wuri, domin da zarar dawaki sun fara fitowa hanyoyin birni suna toshewa, kuma Hajiya za ta buƙaci wurin zama a inuwa.

Basakkwace ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba da Maman 'Yan Biyu da ɗan'uwana Bazazzagi, Allah ya bar zumunci. Na yanke shawarar in fara zuwa ni kaɗai, in duba tsakanin Shika da Hanwa, kuma maganar zaman mahaifiyata ta shige ni, zan sa ta a gaba wajen zaɓen layi. Saura abu ɗaya: yaya ya kamata in yi da kaya da iyali a ranar tasowa, ganin halin da hanyar take ciki? Shin in kwaso komai, ko in sayar da wasu in sake saye a can?

Tsohon Ma'aikaci ya ƙara da cewa:

Malam, tafiyar ta kai wajen kilomita 400, ta Talatar Mafara da Gusau da Tsafe da Funtuwa, kuma kowa ya san matsalar tsaro da wannan yanki yake fama da ita a shekarun nan. Ku fito bayan gari ya waye sosai, a lokacin da motoci suka yawaita a hanya, ku yi nufin wuce Funtuwa da sauran rana, kuma kada ku yarda da tafiyar yamma ko da direba ya ce ya saba. Ku shiga mota a tasha, kuma kwana ɗaya kafin tafiya ka tambayi direbobin da suka shigo a ranar yadda suka baro hanya. Kaya su taho a motarsu daban tare da wani ɗan'uwa namiji, iyali kuma a ƙaramar mota, Hajiya a kujerar gaba domin ta miƙe ƙafa, maganinta da ruwan sha a jakar hannu.

Kujeru da gadaje masu nauyi, in ba masu tsada ba ne, gara ka sayar, domin kuɗin mota da karyewar da za su yi a hanya sun kusa kuɗin sababbi, kafintoci kuma suna da yawa a Samaru da Sabon Gari. Ka riƙe firiji da keken ɗinki da katifu da kayan kicin na maiɗakinka. Ka rubuta jerin kayan a takarda biyu, ɗaya a hannunka ɗaya a hannun direba, ka tabbata yana da tamfol idan damina ce, kuma takardun babur su kasance tare da wanda ya rako shi saboda shingayen bincike. Ka sa a share gidan a zuba ruwa a randa ko tanki kwana ɗaya kafin su iso. Da yake daga Funtuwa za ku shigo, Shika da Samaru ne farkon abin da za ku tarar, don haka motar kaya ba ta da buƙatar ta kai Kwangila.